Yadda Ake Zaɓen Notin Taya Idan Ka Canja wa Mota Wili

Ana saura kwana uku Babbar Sallah ƙanina ya shigo da Accord ɗinsa, ya faka a ƙofar gida yana ta washe baki. Ya cire wilin da motar ta zo da shi, ya ɗaura wasu baƙaƙe masu siraran ƙafafu da ya saya a Sabon Gari. Gaskiya sun yi wa motar kyau, ni kaina sai da na zagaya ta sau biyu. Na ce masa notin fa? Ya ce ai mai faci ya mayar da na da, sun shiga lafiya lau, har hawa kan sifana ya yi don su ɗauru.

Washegari ya kama hanyar Kaduna. Yana gab da Jaji ya fara jin ƙwas-ƙwas daga gaba, sitiyari na karkarwa a hannunsa. Da ya gangara gefen titi ya duba, noti biyu cikin biyar na tayar gaba da yatsa ake juya su. Ya ƙara ɗaurewa, ya lallaɓo ya dawo Zariya, muka wuce wajen wani dattijon bakanike a Tudun Wada da mahaifinmu ke kai wa mota tun muna yara. Baba bakaniken ya sa yaransa suka sauke tayar, ya kwantar da ita a ƙasa, ya jefa noti ɗaya a cikin ramin wilin, ya taɓa shi da babban yatsa. Notin ya yi ta rawa kamar ƙwai a cikin mazurari.

"Samari," in ji shi, "zaren noti na mota ne, gindinsa kuma na wili ne. Ka canja wili ka bar gindi."

Duk abin da zan faɗa a nan bayanin wannan magana ce. Noti iyayen gida biyu gare shi: ta ciki dole ya dace da motarka, ta ƙasa dole ya dace da sabon wilin. Mafi yawan mutane ɗaya suke dubawa su manta da ɗayan.

Fara da sanin noti kake nema ko bol

Kwance ɗaya daga motarka ka riƙe a hannu. In abin da ya fito noti ne, ya bar wani ƙarfe mai zare, wanda makanikai ke kira sitod, a tsaye a jikin hob, wato ƙarfen da wili ke mannewa a jikinsa, to yawanci motarka irin ta Japan ko Koriya ce: Toyota, Honda, Nissan, Mazda, Hyundai, Kia. In kuwa gaba ɗaya ya fito da doguwar jela, ya bar rami, to bol ne, kuma haka motocin Jamus suke, su Golf da Sharan da Marsandi da BMW, haka ma Fijo 406 da 307. A shago duka "notin taya" ake ce musu, shi ya sa ya fi kyau ka tafi da samfur a aljihu maimakon ka tsaya bayani da baki.

Ƙirga ramukan wili kuma. Mai huɗu guda 16 kake buƙata, mai biyar guda 20, mai shida irin Hilux da Hiace guda 24. Sayi saiti guda iri ɗaya. Kada ka yarda a tsinto maka uku daga wannan gwangwani, biyu daga wancan.

Na biyu, zaren

Zare, ko tiredi a bakin masu gareji, lamba biyu gare shi. In ka ga an rubuta M12 x 1.5 a jikin kwali, 12 ɗin kaurin sitod ne a milimita, 1.5 kuma tazarar da ke tsakanin haƙorin zare da na kusa da shi. Toyota da Honda da Mazda da Mitsubishi da Hyundai da Kia, kusan duk ƙananan motocinsu M12 x 1.5 ne. Nissan da Subaru M12 x 1.25 ne, Fijo ma haka. Golf 3 bol ɗinta M12 x 1.5, amma daga Golf 4 zuwa sama an koma M14 x 1.5, wanda shi ne na Sharan. Land Cruiser babba, ƙirar 100 da 200, M14 x 1.5 ce duk da Toyota ce, don haka kada ka ce ai Toyota duk ɗaya ne. Tsofaffin Marsandi M12 x 1.5, na baya-bayan nan M14 x 1.5. Wasu tsofaffin motocin Amurka, kamar Jeep da Ford, da inci ake auna nasu, rabin inci, wato milimita 12.7, wanda a ido sai ka rantse M12 ne.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne tsakanin 1.5 da 1.25. Ka ajiye notin Nissan kusa da na Toyota, ba mai bambance su da kallo. Amma kama da wane ba ta wane. Ka ɗora notin Toyota a sitod ɗin Nissan, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu sumul, sannan ya cije. A nan ne yaron mai faci zai ce tsatsa ce, ya ɗauko fayif ya zura a sifana ya danna. Notin zai shiga kam, amma ya cinye zaren sitod, kuma ranar da za a kwance shi sai dai sitod ɗin ya karye.

Gwaji biyu ne, duka ba sa cin ko sisi. Na farko, goge sitod da burushin waya, ka ɗaura sabon noti da yatsu kawai. Notin da ya dace zai tafi har ƙasa ba gardama. In ya tsaya bayan zagaye biyu, cire shi, ba nasa ba ne. Na biyu, in kana so ka san lambar da kanka, ɗora rula a jikin sitod ko bol ka ƙirga haƙora nawa ne a cikin milimita 15. In goma ne, 1.5 ke nan. In sha biyu ne, 1.25.

Na uku, gindin noti, kuma a nan ne aikin yake

Juya noti ka kalli gefen da ke taɓa wili. Iri uku ne ke yawo a motocinmu.

Akwai mai tsini, wanda gindinsa ya zube a miƙe kamar bakin fensir da aka feƙe, a kan kusurwar digiri 60. Ramin da yake zama a ciki kamar mazurari yake. Shi ne ya fi yawa a duniya. Wilin ƙarfe na Toyota da shi yake amfani, wilin Nissan da Mazda da Hyundai da Kia da BMW ma haka, sannan kusan duk wilin kwalliya da ake sayarwa sababbi a kwali, waɗanda ba kamfanin mota ne ya yi su ba, ramin mai tsini gare su.

Akwai mai ƙoƙo, wanda gindinsa ya yi tudu kamar an raba ƙwallo biyu. Wannan shi ne na wilin asali na Honda, na ƙarfe da na alminiyam, kuma shi ne na bol ɗin Volkswagen da Audi da Marsandi. Ramin nasa kamar cikin ludayi yake.

Sai na uku, mai washa. Gindinsa a shafe yake, yana da washa mai juyawa a maƙale da shi, da ɗan wuya da ke shigewa cikin ramin wili. Duk wanda ya taɓa kwance tayar Camry ko Corolla ko Lexus mai wilin alminiyam na asali ya san shi. Fijo ma tana da bol mai washa a wilinta na alminiyam. A irin wannan, washar ce ke danne wili, wuyan kuma ya cike ramin don kada wilin ya motsa.

Me ya sa wannan ya zama abin damuwa? Abin da ke riƙe taya a mota matsi ne. Noti yana danne wili a jikin hob da ƙarfin gaske, har su zama kamar abu guda. Wannan matsi ta gindin noti yake bi, kuma ana so ya bazu a duk faɗin mazaunin. In ka sa mai ƙoƙo a ramin mai tsini, kamar yadda aka yi wa ƙanina, wurin da suke haɗuwa siririn layi ne kawai. Lokacin ɗauri za ka ji ya yi tauri, har ka ce an gama. Amma alminiyam ƙarfe ne mai laushi. Kowane rami da ka faɗa, kowane birki da ka taka, notin na ƙara nutsewa cikin wannan layi, matsin na raguwa, har ya saki. Daga nan wili ya fara wasa a kan sitod, ramukan su zama kamar ƙwai, sitod ya fara lanƙwasa gaba da baya har ya ɓalle. A hanyar Funtuwa ko ta Kano, da gudu, ba na so in ƙarasa faɗin abin da ke biyo baya.

Ga yadda Baba ya nuna mana a tabbatar, kuma tun ranar ban sake sayen noti ba tare da na yi haka ba. Ka sami maka baƙa ko shuɗiya, irin wadda ake rubutu a kwali da ita, ka shafe gindin noti da ita gaba ɗaya. Kwantar da wilin a ƙasa, ka sa notin a rami, ka danna da tafin hannu kana murzawa hagu da dama sau uku ko huɗu. Ɗago ka duba. In tawadar ta goge a faɗin gindin duka, kamar an share ta da tsumma, sun dace. In wani ɗan siririn zobe ne kawai ya goge, a can baki ko a can sama, sauran tawadar na nan, to ba su dace ba, komai rantsuwar mai shago. Ba ka da maka? Alli ma yana yi.

Yanzu ga yadda abin ke faruwa a zahiri a garin nan. Mutum yana da Corolla mai wilin ƙarfe, ya samo wilin alminiyam na Toyota ɗan Kwatano. Notinsa na da masu tsini ne, sabon wilin kuma mai washa yake so. Dole ya sayi masu washa. Wani kuma yana da Camry mai wilin alminiyam na asali, ya sayo na kwalliya a kwali. Notinsa masu washa ne, sabon ramin mazurari ne. A nan akwai yaudara, don notin Toyota mai washa yana da ɗan tsini a can bakinsa, an yi shi ne domin ya iya riƙe safayar ƙarfe in an yi faci a hanya. Wannan ɗan tsini zai taɓa ramin sabon wili, ya yi kamar ya zauna, washar kuma tana lilo a sama ba ta danne komai ba. In ka ga washa tana juyawa da yatsa bayan an ɗaure noti, to akwai magana. Sayi masu tsini na gaske. Mai Honda da ya sayi na kwalliya, shi ma masu tsini, M12 x 1.5. Mai Camry da ya ɗauko wilin asali na Accord kuwa, notin Honda mai ƙoƙo zai nema, kuma ya yi sa'a zarensu ɗaya.

Mai Golf ko Marsandi da ya sayi wilin kwalliya, shi nasa bol ne mai zaren motarsa amma mai gindin tsini. Ana samunsu, sai dai ba kowane shago ba. In ka zagaya Sabon Gari ba ka dace ba, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ba su yi nisa ba. Ka bar tsohon wili a mota har sai bol ɗin ya zo hannu. Kwalliya za ta iya jiran mako guda.

Na huɗu, tsawo

Wilin alminiyam ya fi na ƙarfe kauri a wurin da noti ke zama, don haka sitod ɗin da ya leƙo sosai a da, yanzu zai leƙo kaɗan. Ƙa'idar da ake bi ita ce noti ya kama zare aƙalla gwargwadon kaurin sitod. A M12 x 1.5, milimita 12 ke nan, wato cikakken zagaye 8. A M12 x 1.25, kusan zagaye 10. A M14 x 1.5, zagaye 9 da ɗan ɗori. Ɗora wilin, ka manna shi da hob, ka sa ɗigon maka a jikin noti, ka juya da hannu kana ƙirgawa tun daga inda ya fara kamawa har ya taɓa wili. In ka sami zagaye biyar ko shida kacal, bai isa ba. Maganinsa a canja sitod zuwa masu tsawo, ko a nemi noti mai ɗan wuya a ƙasan tsininsa da ke shiga rami ya ƙara kama zare. Ƙara ƙarfin ɗauri ba ya maganin gajeren kamu, sai ma ya tsige 'yan haƙoran da suka kama.

Akwai kuma akasin haka. Noti mai rufaffen kai, wanda aka fi so saboda kyau da hana ruwa shiga, in gajere ne sitod zai tokare rufinsa ta ciki kafin gindinsa ya danne wili. Sifana za ta ce maka ya ɗauru, alhali wilin na kwance. Zura tsinken ashana cikin notin ka auna zurfinsa, ka gwada da tsawon sitod ɗin da ya leƙo bayan an ɗora wili. Zurfin noti ya zarce, da ɗan rara.

Masu bol su auna jelar daga ƙarshen gindi zuwa baki, su zura shi a ramin sabon wili su ga nawa ya fito ta baya, su kwatanta da yadda tsohon bol ke fitowa a tsohon wili. Gajere ba zai kama ba. Mai tsawo da yawa kuma zai wuce hob ya riƙa gogar kayan birki na ciki, musamman a baya inda takalmin birki da sifirin ɗinsa suke. Bayan an ɗaure, tun motar na kan jak, juya tayar da hannu ka kasa kunne. In ka ji ƙit-ƙit a kowane zagaye, bol ya yi tsawo.

Na biyar, ko sifanarka za ta shiga ramin?

Wannan ƙaramin abu ne da ke tsayar da mutum a daji. Notin Toyota kansa lamba 21 ne, na Honda 19, bol ɗin Golf da Marsandi 17. Wilin kwalliya da yawa ramukansu matsattsu ne masu zurfi, wilsifanar da ta zo da mota ba ta shiga, ko ta shiga tana kankare fenti. Irin waɗannan sai siraran noti masu tsaga-tsaga a jiki, da ake kwancewa da wani makulli na musamman da ke zuwa a cikin kwalin. Ba laifi gare su ba in na ƙarfe ne masu kyau. Amma ka sani, ranar da makullin ya ɓata, ba mai facin da zai iya taimakonka a Kwangila ko Dan Magaji da sifanar da ke hannunsa. Kafin ka bar wurin da aka ɗaura maka, ɗauko wilsifanar da ke but ɗinka, ba ta mai gareji ba, ka gwada ta a kan sabon noti.

Na shida, da me aka yi shi

Ƙarfe nake ba da shawara, ba wani kwana-kwana. Notin nan masu launi, ja da shuɗi da ruwan gwal, da samari ke so, da yawansu alminiyam ne. Ɗauki ɗaya ka ji nauyinsa, in ya yi sakayau kamar murfin kwalba, ko ka kai masa maganaɗisu bai kama ba, ajiye shi. Zaren alminiyam a kan sitod na ƙarfe ba ya jure kwancewa da ɗaurewa, mu kuwa a nan taya ba ta wata uku ba a sauke ta ba. Akwai kuma waɗanda aka yi wa hular gwangwani mai ƙyalli a kan ƙarfen ciki. Da damina ruwa ke shiga ƙarƙashin hular, tsatsa ta kumbura ta, sifana ta ƙi shiga. Wanda aka yi da ƙarfe guda ya fi. A kan bol, duba ko an buga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9. Ni in aka ba ni zaɓi tsakanin notin asali ɗan Kwatano mai lafiyayyen zare da sabo fil mara suna mai ƙyalli, na Kwatanon nake ɗauka. Araha ba ta ado, kuma kuɗin saiti mai kyau bai taka kara ya karya ba in ka gwada da abin da ka zuba a wilin.

Abin da noti ba zai gyara ba

Bari in ɗan ratse, don na ga ana ɗora wa noti laifin da ba nasa ba. Ramukan wili suna zaune ne a kan wani da'ira mai awo. Camry da Accord mai rami biyar 5 x 114.3 ne, wato ramuka biyar a da'irar milimita 114.3. Marsandi da Sharan 5 x 112. Golf 4 tana 5 x 100. Fijo 406 kuwa 4 x 108. Bambancin 112 da 114.3 kaɗan ne, har wilin kan shiga a kan sitod in an matsa, amma kowane noti zai zauna a karkace yana jan sitod gefe. Babu irin notin da za ka saya a shagon unguwa ya daidaita wannan. Mayar da wilin.

Sai babban ramin tsakiya, wanda ke hawa kan leɓen hob. Na Camry milimita 60.1 ne, na Accord 64.1, na Nissan da yawa 66.1. Shi ya sa wilin Accord ke shiga Camry amma na Camry ba ya shiga Accord. Wilin kwalliya kan zo da rami mai faɗi, sau da yawa 73.1, don ya shiga motoci iri-iri. Akwai zobe na roba mai tauri ko na alminiyam da ake sawa ya cike tazarar, misali 73.1 zuwa 60.1. In babu shi, wilin kan zauna ba a tsakiya ba, ka yi ta kai mota balansin sitiyari bai daina rawa ba. Nemi zoben tare da notin, rana ɗaya.

Na bakwai, ɗaurin

Ka tsaya a kan aikin da kanka. Ba rashin yarda ba ne, motarka ce kuma iyalinka ne a ciki.

A goge fuskar hob da burushin waya, a cire tsatsa da busasshen laka, don ko ɗan ɓurɓushi ya shiga tsakani zai murƙushe daga baya ya bar wili da sako-sako. A goge bayan wilin shi ma. Kada a shafa giris ko baƙin mai a zare ko a gindin noti. Na san ana yi da kyakkyawar niyya, don ya yi sauƙin kwancewa, amma awon ɗauri da kamfani ya bayar na busasshen zare ne. Da mai a jiki, ƙarfi ɗaya zai ja sitod fiye da kima.

Kowane noti a fara shi da yatsu, a kai shi har ya taɓa wili. Sannan a ɗan matse su da sifana tun taya na sama, ana tsallakawa: a mai rami biyar, ka ɗaure ɗaya, ka tsallake na kusa da shi ka kama na gaba, kamar kana zana tauraro. A mai huɗu ko shida, ɗaya da kishiyarsa ta ɗaya gefen. In aka bi su a jere, wilin kan zauna a karkace. Daga nan a sauke jak har taya ta taɓa ƙasa, a yi ɗaurin ƙarshe, shi ma da tsallake.

Ƙarfin ɗauri yana da awo da ake kira Newton-mita, a taƙaice Nm, yana cikin littafin mota. Camry da Corolla Nm 103 ne, Accord da Civic na yau da kullum 108, Golf 4 kuma 120. Don ka gane girman abin: da wilsifana mai tsawon santimita 30, Nm 103 daidai yake da ka danna ƙarshenta da nauyin kilo 35. Hannu biyu da ɗan jingina jiki sun isa. To ka ɗauki yaro mai kilo 70 ya zura fayif mai tsawon mita guda ya hau kai da ƙafa biyu. Ya ba notin kusan Nm 690 ke nan, fiye da ninki shida, tun kafin ya fara tsalle. Sitod ɗin da aka yi wa haka ya miƙe kamar roba, ƙarfinsa ya tafi, kuma faifan birki na iya karkacewa. In ka ga an ɗauko fayif, ka ce, "Malam, don Allah bar shi haka, hannu ya isa." Zai ce maka zai kwance. Noti mai gindin da ya dace ba ya kwancewa a awon kamfani. Wanda gindinsa bai dace ba kuwa, ko mutum uku ne suka hau fayif sai ya saki, na ƙanina ma hawa aka yi. Abin da ya fi shi ne sifana mai awo, wadda ake saita lamba a jikinta ta yi ƙas idan an kai. Wuraren da ke yin alaimen da balansin da na'ura sukan ajiye ta, ka tambaya. Bindigar iska kuma a bar ta wajen kwancewa.

Sabon wili yakan ɗan zauna bayan an fara tafiya, fentin mazaunin ya murje. Saboda haka a sake bin notin duka bayan kilomita 50 zuwa 100, idan wilin ya huce. Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne, ka ga tafiya ɗaya ta isa. In kullum tsakanin Samaru da cikin Birni kake zirga-zirga, ka ba shi kwana uku ko huɗu ka duba. In ka tarar ɗaya ya saki sosai, ka ɗaure, ya sake saki, kada ka yi ta bin sa da sifana. Sauke tayar ka koma gwajin maka.

Safaya da notin sirri

Kada ka bar wa mai faci tsofaffin notinka. Safayar da ke but wilin asali ce, gindin da take so shi ne na da. Mai Honda da ya koma masu tsini, ranar da ya yi faci zai buƙaci masu ƙoƙo guda biyar. Mai Marsandi ya duba but, yawancinsu suna zuwa da gajerun bol na musamman domin safayar ƙarfe, kuma dogayen bol na wilin alminiyam kan yi ɓarna a ciki in aka sa su a safaya. Ƙulla saitin taya ɗaya a leda ka ɗaure a jikin jak.

Masu kwana da mota a waje sukan so notin sirri, ɗaya a kowace taya, mai kai na daban da sifana ba ta kamawa. Shi ma sai ya bi duk ƙa'idar da ta gabata, zare da gindi da tsawo, don sau da yawa shi ne ake saya daban ba a duba ba. Da hannu ake ɗaure shi, a ƙarshe, kuma shi ake fara kwancewa. Makullinsa ya zauna a cikin mota, a aljihun gaba ko wajen safaya, ka kuma nuna wa uwargida da duk mai jan motar inda yake. In ka kai sabis, tambayi makullin kafin ka tayar da mota, don a kan noti ake yawan manta shi, ya faɗi a kwanar farko.